Bawul ɗin ƙarfe ko na nama? Ga wanda likita ya ce sai an canza masa bawul ɗin zuciya

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya wurin likitan zuciya ya san wannan zaman. An gama awon eko, wato hoton zuciya, likita ya juyo ya ce bawul ya lalace, magani ya daina riƙewa, sai dai aiki. Kafin ku gama haɗiye wannan sai ya ƙara da tambaya, wanne kuke so a saka, na ƙarfe ko na nama? Mu ranar da aka yi mana wannan tambayar a kan 'yar yayata, shekararta 23, ko wata shida ba ta yi a ɗakinta ba, shiru muka yi gaba ɗaya, don hankalinmu duk yana kan kuɗin aiki da biza da masauki, babu wanda ya taɓa tunanin akwai wani zaɓi kuma da zai bi yarinyar nan har ƙarshen rayuwarta.

Zuciya tana da bawul huɗu, ƙofofi ne da ke buɗewa jini ya wuce su rufe kar ya dawo baya. Biyu na ɓangaren hagu su suka fi lalacewa, wato maitiral da ayotik. A Turai da Amurka yawanci tsufa ke cinye su, shi ya sa masu zuwa aikin can 'yan saba'in ne. A wurinmu kuwa ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a kula da shi ba, ƙwayar cutar ta tayar da garkuwar jiki, garkuwar ta koma tana cin bawul ɗin a hankali, sai yaro ya kai shekara 15 ko 25 a ga yana haki ƙafa na kumbura. Sama da mutum miliyan 40 ke fama da wannan a duniya, kuma yana kashe wajen dubu 300 duk shekara. Na faɗi wannan ne don a gane cewa shawarar da aka tsara domin dattijon da asibiti ke bayan gidansa ba lallai ta zauna daidai a kan matashiyar da sai ta yi tafiyar awa uku kafin ta ga lab ba.

Abubuwan da ya kamata a auna

Ni a ganina abu biyar ne. Shekara nawa bawul ɗin zai yi kafin ya gaji. Wane magani da wane gwaji zai ɗora maka kullum. Wane haɗari ke tattare da shi, gudan jini ne ko zubar jini ko sake buɗe ƙirji. Me zai yi wa maganar ciki da haihuwa idan mace ce. Sai kuɗi, kuma ba kuɗin yau kaɗai ba, har na shekara goma sha biyar masu zuwa. Akwai na shida da mutane ke jin nauyin tambayar likita amma yana cin su a rai, wato maganar alade, zan zo kanta.

Na ƙarfe

Sunan ne kawai ƙarfe, amma 'yan marafan da ke buɗewa da rufewa da wani irin kabon mai taurin gaske ake yin su, sai zobe da aka naɗe da ƙyalle wanda likita ke ɗinkewa a jikin zuciya. Na farko da ya yi nasara a 1960 aka saka shi a garin Portland na Amurka, likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka ƙera shi, ƙwallo ne a cikin ɗan keji. Mai marafai biyu da aka fi sakawa yanzu kamfanin St. Jude ya fito da shi a 1977. Indiya ma suna da nasu, TTK Chitra, wanda aka fara sakawa a 1990 domin a samu mai araha, wanda ya je aiki can zai iya jin sunansa.

Ƙarko dai babu magana, wannan abin ba ya cinyewa, shekara 30 ko fiye yana aiki, akasarin mutane da shi ake binne su. Matsalar ita ce jini ba ya son baƙon abu, da ya taɓa shi sai ya nemi daskarewa a kai. Gudan jinin nan ko ya maƙale marfin ya hana shi motsi, ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa duk mai bawul ɗin ƙarfe sai ya sha wafarin, maganin tsinka jini, kullum ta Allah har ya koma ga Mahaliccinsa, babu hutu babu "na ji sauƙi na daina".

Kuma wafarin ba irin maganin da za a rubuta maka ka tafi shi kenan ba ne. In ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa ka yi ta haɓo, dasashi na jini, fitsari ja, wani lokacin zubar jini a cikin kai. Ana auna shi da wani gwajin jini mai suna INR. Mai lafiya da ba ya shan komai yana wajen 1, mai ƙarfe a ayotik ana son ya zauna tsakanin 2 da 3, mai maitiral tsakanin 2.5 da 3.5. Da farko kusan duk sati ake gwadawa, in ya daidaita sai a koma kamar wata-wata. Akwai 'yar na'urar gida irin ta masu ciwon suga, CoaguChek, ana ɗiga jinin yatsa, tana taimakawa sosai amma tsinkayenta na da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba.

Abin da ke rikita lambar nan yana da yawa, kuma duk abubuwan gidanmu ne. Ganye mai kore yana ɗauke da bitamin K wanda ke rage ƙarfin wafarin, to ka duba tukunyarmu, alayyafo, zogale, rama, kabeji, lalo. Ba cewa aka yi a daina ci ba, a'a, cewa aka yi a riƙa ci daidai wa daida, kar sati ɗaya a yi ta kwaɗon zogale safe da yamma sati na gaba a ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Magungunan kemis kuma sun fi ganye haɗari. Flagyl da Septrin suna harba INR sama, rifamfisin na masu tarin fuka yana kashe ƙarfin wafarin sosai, daiklofenak da ibufurofen da ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki suna iya jawo zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe babu mai iya faɗa maka abin da za su yi wa lambar. Ƙaho, tsaga, cire haƙori ko beli a wurin wanzami, duk an yi sallama da su. Ɗan acaba ko makanike ko mai buga ƙwallo sai ya sake lissafi, faɗuwar da wani zai tashi ya karkaɗe riga shi tana iya kai shi ga gadon asibiti.

Wani zai ce ai yanzu akwai sabbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji. Akwai su, amma ba na mai bawul ɗin ƙarfe ba ne. An gwada dabigatran aka fitar da sakamako a 2013, gudan jini da zubar jini duka suka fi yawa. An sake gwada apixaban a kan wani bawul ɗin ƙarfe mai suna On-X, aka dakatar da binciken a 2022 saboda gudan jini ya yi yawa. Don Allah kar wani ya canza maka wafarin da waɗannan don wai sun fi sauƙi.

Sai ƙara. Yana yin ɗan ƙas-ƙas kamar agogon hannu, da dare in gari ya yi shiru kai da mai ɗakinka za ku ji. Yawancin mutane suna sabawa.

Ga mata lamarin ya fi nauyi. Jinin al'ada na iya ƙaruwa har ya kai ga ƙarancin jini. Wafarin yana ratsa mahaifa, kuma tsakanin sati na 6 da na 12 na ciki yana iya taɓa halittar jariri, musamman in abin da ake sha ya wuce miligiram 5 a rana. In aka koma allurar hefarin, wani maganin tsinka jinin daban, don kare jariri sai haɗarin toshewar bawul ya ƙaru a kan uwa, ga shi allurar tana son nata gwajin na musamman da ba kowane asibiti ke yi ba. Ana haihuwa lafiya da bawul ɗin ƙarfe, mata da yawa sun yi, amma ciki ne da ake shirya shi da likita tun kafin a ɗauka, a haihu a babban asibiti, ba a gida ba.

Kuɗi kuwa, shi bawul ɗin yawanci ya fi na nama sauƙi, ƙwayar wafarin ma ba ta da tsada. Abin da ke cin aljihu kuɗin mota ne da na gwaji, wata bayan wata, shekara bayan shekara.

Na nama

Wannan daga jikin dabba ake yin shi, ko dai bawul ɗin zuciyar alade, ko kuma tantanin da ke lulluɓe da zuciyar saniya a yanka shi a ɗinka a kan firam. Likitan Faransa Alain Carpentier ne a ƙarshen shekarun 1960 ya gano cewa in aka jiƙa naman a wani sinadari mai suna gulutaraldehaid, kamar yadda dukawa ke jeme fata, jiki ba zai yi faɗa da shi ba kuma zai yi ƙarfi. Na saniya kuma Marian Ionescu ya fara shi a garin Leeds na Ingila a 1971.

Daɗinsa shi ne jini yana zama lafiya da shi. Yawanci wata uku zuwa shida ake shan wafarin bayan aiki, daga nan a koma asfirin ko abin da likita ya ga ya dace. Babu ƙara, babu zaryar lab, ka ci miyarka yadda kake so, mace ta ɗauki ciki ba tare da fargabar magani ba.

Amma yana tsufa. Alli yana taruwa a kai ya sandare, ko ya yage ya fara yoyo. A jikin ɗan shekara 70 yana iya yin shekara 15 zuwa 20, wato sau da yawa ya ishe shi. A jikin matashi kuwa da sauri yake gajiya, ɗan ashirin da wani abu zai iya buƙatar sabo kafin shekara 10, a jikin yara ma ya fi haka sauri, kuma a maitiral ya fi saurin lalacewa a kan ayotik. To a nan ne nake so mutane su tsaya su yi wa kansu gaskiya. Aikin farko da ƙyar aka haɗa kuɗinsa, an sayar da gona, an yi karo-karo a dangi, an bi masallatai. Shekara tara ko goma in likita ya ce sai an sake, wa zai sake sayar da gonar? Kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya don ƙirjin ya riga ya manne da tabo. Gaskiya ne yanzu ana iya zura sabon bawul a cikin tsohon na nama ta jijiyar cinya ba tare da an buɗe ƙirji ba, amma tsadarsa ba ta talaka ba ce kuma ba kowa yake dacewa da shi ba.

Akwai kuma wani tarko. Da yawa daga masu ciwon maitiral na wurinmu bugun zuciyarsu ya riga ya rikice, irin rikicewar da ita kanta ke sa jini ya daskare a cikin zuciya. Irin wannan mutumin ko an saka masa na nama ba zai rabu da maganin tsinka jini ba. In haka ne ya ɗauki wahala biyu kenan, ga magani ga aiki na biyu. Ka tambayi likita kai tsaye, ni bugun zuciyata daidai yake ko ya rikice?

Maganar alade. Malamai da dama sun yi bayanin cewa lalura tana halatta abin da aka hana idan rai ne a kan layi kuma babu madadi, suna kafa hujja da aya ta 173 a Suratul Baƙara. Amma a nan madadin ma yana nan, na saniya ya cika kasuwa kuma a ayotik shi aka fi sakawa yanzu. Kawai ka faɗa tun kafin ranar aiki cewa na saniya kake so, babu likitan da zai ga laifinka. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne hefarin ɗin da ake zuba wa kowa lokacin aikin zuciya, mai ƙarfe da mai nama, akasarinsa daga hanjin alade ake tace shi, don haka hukuncin lalurar nan ya shafi kowa, wanda abin ya tsaya masa a rai ya zauna da malaminsa tun da wuri.

Kafin a kai ga canzawa

Tambayar farko da ya kamata a yi ita ce, ba za a iya gyara nawa ba? Bawul ɗinka da aka gyara ya fi kowane na kanti, ba ya buƙatar wafarin na har abada in bugun zuciya lafiya yake, sai dai wanda ciwon nan ya ci yana da wuyar gyara kuma yana iya sake lalacewa, sai likitan da hannunsa ya faɗa sosai. In matsalar tsukewar maitiral ce kawai, bai sandare ba, ba ya yoyo sosai, babu gudan jini, ana iya buɗa shi da balan-balan ta jijiyar cinya, dabarar likitan Japan Kanji Inoue ta farkon shekarun 1980. Kwana ɗaya biyu an sallame ka, har mai ciki ana yi wa.

Akwai aikin Ross da Donald Ross ya fara a Landan a 1967, a ciro bawul ɗinka na hanyar huhu a mayar da shi ayotik, a cike gurbinsa da na mutumin da ya rasu. Yana girma tare da yaro, babu wafarin, amma cibiyoyi kaɗan ne suka ƙware a kai kuma ciwon nan namu yana iya bin sabon wurin ya ci. Shi kuma TAVI, wanda Alain Cribier ya fara a garin Rouen na Faransa a 2002, bawul ɗin nama ne da ake zurawa ta jijiya, an yi shi ne musamman don tsofaffin da ayotik ɗinsu ya sandare, kuma a Amurka bawul ɗin kaɗai yana kai wajen dala dubu 30. Masu bincike a Hannover ta Jamus sun daɗe suna wanke bawul ɗin mutum su cire duk ƙwayoyin halittar mai shi, su bar saƙar kawai domin ƙwayoyin mara lafiya su shiga su zauna, abin yana ba da fata musamman ga yara, amma wanda za a yi wa aiki bana kar ya jira shi.

| Abin dubawa | Na ƙarfe | Na nama | Gyara ko balan-balan |
|---|---|---|---|
| Ƙarko | shekara 30 ko fiye | 15 zuwa 20 ga tsoho, ƙasa da 10 ma ga matashi | ya danganta da yadda ciwon ya ci |
| Wafarin | har abada | 'yan watanni, sai in bugu ya rikice | yawanci babu, sai in bugu ya rikice |
| Babban haɗari | gudan jini, zubar jini | sake aiki | ya sake tsukewa ko yoyo |
| Ciki | mai haɗari, sai da shiri | ya fi sauƙi | ya fi sauƙi |
| Kuɗi | sauƙi yau, kashewa duk wata | ya fi tsada, ga aiki na biyu | balan-balan ya fi buɗe ƙirji sauƙi |
| Ƙara | akwai | babu | babu |

To wa ya dace da wanne?

Ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka ta 2020 ta ce a ayotik, ƙasa da shekara 50 ƙarfe ya fi, sama da 65 nama, tsakani kuma a zauna a tattauna. A maitiral ƙarfe har zuwa 65. Wani babban bincike na jihar Kalifoniya da ya fito a 2017 ya nuna masu ƙarfe sun fi daɗewa a raye har zuwa shekara 55 a ayotik, 70 a maitiral. Amma waɗancan mutane ne da ke samun gwajin INR a kan lokaci, wannan sharaɗin shi ne komai.

Namiji matashi ko magidanci da ke zaune a Kano, Kaduna, Zariya, Sakkwato, Maraɗi ko Yamai, lab na kusa, yana da natsuwar shan magani kullum, ni dai ƙarfe zan ce masa, aiki ɗaya an gama. Haka wanda bugunsa ya riga ya rikice, haka macen da ta gama haihuwa. Dattijo ko dattijuwa da suka haura 65, nama, babu dalilin ɗora musu wafarin ga mantuwa ga yawan faɗuwa. Wanda ya taɓa zubar jini a ciki, ko mai gyambon ciki da ke jini, ko wanda ka san wallahi ba zai sha magani ba, shi ma nama.

Mai wuyar ita ce 'yar budurwa ko amarya, da kuma matashin ƙauye da ke nesa da gwaji. Ga amarya in za a iya gyara a gyara, in ba zai yiwu ba likitoci da yawa suna karkata ga na nama ta samu ta haihu, da sanin cewa aiki na biyu na nan tafe, kuma wannan magana ce da miji da iyaye za su ji da kunnensu a gaban likita, kar a bar ta ita kaɗai da ita. Ga na ƙauye kuwa a zauna a lissafa tsakani da Allah, nawa ne kuɗin mota zuwa lab, wa zai riƙa karanta sakamakon ya gyara masa adadin ƙwaya ko ta waya ce, in damina ta yanke hanya fa? In an samu amsar waɗannan, ƙarfe. In babu, bawul ɗin ƙarfe ba tare da gwaji ba ya fi aiki na biyu haɗari.

A tambayi wurin aikin ma me suke yi bayan sallama. Najeriya tun 1974 aka fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu, kuma yanzu akwai cibiyoyin da ke yi a gida, wanda hakan ke sauƙaƙa komawa wurin wanda ya yi maka aikin. Cibiyar Salam ta Khartum da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 ta yi wa dubban 'yan Afirka aiki kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya dagula zuwa can. Duk inda aka je, Indiya ko Masar ko gida, kar a baro asibiti sai da katin bawul mai ɗauke da sunansa da girmansa, da rahoton aikin, da lambar INR da ake so a rubuce. Kuma kowanne aka saka, allurar fenisilin da ake yi wa masu ciwon nan duk sati uku ko huɗu don kar ya sake tashi tana nan har lokacin da likita ya ce a tsaya, don canza bawul ɗaya bai hana ciwon cin sauran ba, sannan a kula da haƙori sosai, ƙwayar cuta daga baki tana iya sauka a kan na ƙarfe da na nama duka.

'Yar yayata na saniya aka saka mata a maitiral, bugunta lafiya lau yake shi ya sa. Duk shekara tana zuwa eko, kuma tun watan da ta dawo gida mijinta da yayyenta suka buɗe asusu na daban suna zuba abin da ya samu duk ƙarshen wata domin aiki na biyu.